Ranar da Aka Cire Sunan Shona

Shekara goma sha huɗu Shona Pettigrew tana jagorantar ƙungiyar matan garin Naseby a wasan tura dutse kan ƙanƙara. Ita ta koya wa abokiyar wasanta Bridie riƙon tsintsiyar da ake share wa dutsen hanya da ita. Da aka yi wa Shona aiki a gwiwa, kullum Bridie na bakin gadonta tana cewa, "Yaya, gurbinki ba mai taɓa shi."

Da ta warke ta koma fili, sai ta tarar an manna sunayen masu zuwa gasar ƙasa. Bridie ce kyaftin, ita kuwa babu sunanta.

"Na so in gaya miki," in ji Bridie, kanta a sunkuye.

"Wata uku fa, Bridie. Bakinki ciwo yake?"

Shona ta koma kiwon tumakinta, ba ta ƙara taka filin ba.