Taken Kakana a Fim ɗin Ban Dariya

A masana'anta nake aiki a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon na Faransa, amma kalangu gadon gidanmu ne a Damagaram. Wani Bafaranshe mai tsara wa finafinai kiɗa ya kira ni Paris in kaɗa masa, don wani fim na ban dariya kan yaƙin duniya.

Kafin mu fara na motsa hannu da taken kakana, kamar yadda muka saba a gida. An yi masa taken ne da ya dawo daga yaƙin nan da ƙafa ɗaya. Bafaranshen ya ce shi yake so a fim ɗin. Na ce wannan sunan mutum ne, ba a wasa da shi. Ya yi alkawari ba zai sa ba.

A Lyon na kalli fim ɗin, sinimar fayau. Wani soja baƙar fata ya faɗa taɓo yana bin kaza, sai na ji kalanguna yana kiran kakana. Wani a bayana ya tuntsire da dariya.

Fim ɗin bai karɓu ba. Bafaranshen ya bugo waya yana kukan ba wanda ya ji kiɗansa. Na ce, "Alhamdu lillahi," na kashe.