Amshin Malam Sani

Shekara bakwai ke nan cif da muka rufe Malam Sani a nan Greensboro ta Amurka, kuma har yau akwai haƙurin da ban ba shi ba.

Tare muka taso a Maradi, tare muke ɗaukar kwalaye a wani sito wajen McLeansville. Akwai abokiyar aikinmu Marisol, 'yar El Salvador, mai rubuta waƙoƙi da Sifaniyanci. Wata Asabar da la'asar ta gayyace mu wani ɗan shagon littattafai inda mutanensu ke haɗuwa. Bango duk zane-zane, ga gonakin masara, ga fuskokin tsofaffin mata, kowa ya tashi ya karanta abin da ya rubuta. Ni kara ce ta kai ni. Shi kuwa Sani son bin diddigi ne, ko tururuwa ya gani sai ya so jin inda za ta.

Marisol ta miƙe tana karantawa, ɗaki tsit. Sani ya raɗa mini: "Haba, waƙa ba amshi? An bar baiwar Allah ita kaɗai." Akwai layin da take ta maimaitawa. Da ta sake isowa kansa, sai na ji mutumin nan ya ɗauka da ƙarfi, yadda ake amsa wa mai waƙe a gida, alhali ko kalma ɗaya bai sani ba! Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja rigarsa na ce, "Malam, ka rufa mana asiri, nan ba Maradi ba ce." Ko kallona bai yi ba. Kafin a gama, rabin ɗakin na amsawa tare da shi, Marisol na hawaye. Ashe waƙar ta ƙanenta ce da ya ɓata a hanyar shigowa Amurka, layin kuma kiransa ne ya dawo gida. Ni kuwa don fushi, mako guda ban yi wa Sani magana ba.

Yau taron ya fi ƙarfin shagon, sun koma babban zaure. Yaran da aka haifa nan sun karɓe shi, suna gauraya Turanci da Sifaniyanci, ba sa ma yin tafi, yatsu suke kaɗawa. Ko me Sani zai ce? Na san dai da yana nan sai ya tare mai zanen da ke bango ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi wa sama launin ja.

Watan jiya 'yarsa Balkisu, wadda kana mata Hausa tana mayar maka da Turanci, ta ce ta rubuta wa babanta waƙa, a can za ta karanta. Layi ɗaya tak ta sa da Hausa: "Baba, ga ni." Ta ce, "Baba Idi, tsoro nake ji. In na faɗa ba wanda ya amsa fa?"

Muka je ni da matata. Balkisu ta iso layin, zaure ya yi shiru. Ta sake isowa, ba wanda ya amsa. A na uku na ɗauka da ƙarfi. Daga can baya na ji wata murya ta biyo ni da Hausar da ba ta san ma'anarta ba. Marisol ce, kai duk furfura.

Sani bai mutu ya bar gida ba, bai bar littafi ba. Amshin nan ya bari, kuma ya isa. Allah Ya jiƙanka, Malam, ka yafe mini. Matata ta ja rigata ranar, ko kallonta ban yi ba.