Na hana Inna lambar sirrina

Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Masu cewa aure na yi a ɓoye, ku huta. Jinya nake.

Da zafi a ƙafar hagu abin ya fara, ina tsaye gaban allo ina koyarwa. Daga Yelwa aka tura ni Sakkwato. Gwajin jini, hoton baya, allura, ƙwayoyin da ba su yi komai ba sai sa barci. Likita ya ce jijiyar ta taɓu. Ƙarshe sai Masar, bayan an sayar da fadamar shinkafarmu ta Wara.

Can aka dasa min 'yar na'ura a ƙugu, mai tura lantarki kaɗan-kaɗan zuwa lakar gadon baya don ta danne zafin. Da waya ake ƙara ƙarfinta ko a rage. Likitan ya ce, "Lambar sirrin nan, ke kaɗai." Na ce to. Muna sauka gida na ba Inna. Matar da ke min wanka zan ɓoye wa lamba huɗu?

Sati uku ina lafiya. Sai ƙafar ta fara fizga kamar na taka wayar wuta. Kullum sai ta fi jiya. Ran nan na faɗi a banɗaki.

A Sakkwato suka ce ba su da abin duba ta. Likitan Masar ya ce idan na'urar ce ta lalace, sai an sake buɗe ni. Fadamar kuwa ɗaya ce.

Ilimina bai amfane ni da komai ba sai tsorata kaina. Na karanta yadda 'yan kutse kan iya shiga irin waɗannan na'urori. Na kashe data. Na daina gaisawa da mai gyaran wayar layinmu, bawan Allah.

Sai likitan Masar ya kira ni ta bidiyo, ya sa na buɗe inda wayar ke ajiye duk canjin da aka yi. Wani na ƙara ƙarfin, da safe, bayan na koma barci.

Inna na gefe tana gyaran kifi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ta. Na ga biyu sunka sa miki, alhali abin har goma shina kaiwa. Fadama guda munka saida, a ba mu biyu?"

Aka mayar da ita biyu. Fizgar ta tsaya, na koma aji.

Na canza lambar. Da ta tambaya na ce, "Inna, ki gafarce ni, a'a." Tunda aka haife ni ban taɓa faɗa mata haka ba. Kwana biyu tana ajiye min tuwo ba magana.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da duk wanda ya zo dubiya, na gode wa Inna fiye da kowa.

Mai ɗauke da irin wannan na'ura, kafin ka yarda a sake yanka ka, ka sa a duba wa ya taɓa ta. Kuma ka ɓoye lambar tun ranar farko. Hanawa daga baya ta fi ciwo.