Tsumman Zanena a Jikin Zangarniya

Maigidana ya rasu gero yana tsaye a gona, ya cika ido amma bai kai girbi ba. Kwana shida kawai ya yi a kwance. Har yau in zan faɗi wannan sai muryata ta karye, mai rubuta mini ta ajiye biro ta jira ni.

Tunda aka kawo ni daga Safana zuwa ƙauyensu kusa da Karare, ban taɓa ganin Malam ya sayi irin shuka a kasuwa ba. Geronsa gadon mahaifinsa ne, gajere, mai saurin nuna, furarsa har gardi take yi. Kowace shekara kafin a kayar da kara, sai ya shiga gona shi kaɗai, ya bi kunya-kunya yana duba zangarniya. Wadda ta fi cika ya ɗaura mata kaba. Ranar girbi a ware masu kaba, a yi musu dami daban. Shi ne irin baɗi.

Ana saura 'yan kwanaki ya kwanta, na nemi wani tsohon zanena mai ruwan shuni na rasa. Shi ya saya mini shi lokacin goyon autanmu. Na birkice ɗaki ina mita, yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya.

"Malam, ba ka ga zanen nan ba?"

"Ki tambayi akuyarki," in ji shi. "Ita ma ai mace ce, tana son kwalliya."

Na yi tsaki na wuce, ina jin dariyarsa a bayana.

Da girbi ya zo ina cikin takaba, ba na fita. 'Ya'yana biyu suka kira gayya. Babbansu ma'aikaci ne a Batsari, ƙaramin yana jan mota zuwa Katsina. Sun san al'adar ubansu, sun duba gona ba su ga kaba ko ɗaya ba. Aka ɗaure komai, aka zuba a rumbu tare da geron wata gonar, inda babban ya shuka sabon iri. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna, bana Baba bai samu zaɓar iri ba. Kada ki damu, zan kawo na zamani."

Na ce Allah ya yi albarka. Yana fita na yi kuka kamar ranar da aka ɗauki gawar. Na ga geron ma zai bi mai shi.

Bayan na fita takaba aka sa ranar sussuka. Masussukarmu ta dā tana can bayan gari, amma tunda daji ya lalace muka dawo gindin tsamiya kusa da gidaje. An ce inji zai zo bayan azahar ya cinye damman duka. Matan unguwa suka ce kafin ya iso sai sun sussuka kaɗan da hannu, a yi wa Malam gumbar sadaka. Aka fito da turame, aka shimfiɗa tabarmi. Rabona da in zauna a fili iska ta taɓa ni, wata huɗu da kwana goma. Taɓare suna tashi suna sauka, masu sheƙa sun juya wa iska baya, kaji suna bin ƙaiƙayi. Wata ta ɗauko waƙar daka, ta tuna, ta yi shiru. Na ce ta ci gaba, shi ma yana so.

Ƙanwar Malam ta zo daga Safana a kan babur. Tsohuwa ce kamata, abokiyar wasata tun ina amarya.

"Matar Yaya, kin yi fari fes! Wa za mu ba ki yanzu?"

"Ke dai ba ki da kunya. Kwance damin can ki yi aiki."

Ta kwance, tana zare zangarniya tana jefawa a turmi. Sai ta ɗago wata.

"Wannan kuma wa ya yi mata ɗaurin kallabi?"

Na karɓa. Ƙyalle ne siriri mai ruwan shuni, an yi masa ƙulli biyu, irin ƙullin da Malam yake yi wa kaba. Na san zanena. Nan na gane: kabar a dajin wajen Ruma yake yankowa, bana kuwa ba mai shiga can. Da ya rasa kaba sai ya yayyaga zanena.

Na rungume zangarniyar na fashe da kuka, ina dariya a ciki. "Ashe kai ne akuyar," nake ta faɗa. Sai da na yi musu bayani suka fahimta.

Babban ɗana ya zo da sauri. Ya ce sun ga tsummokaran ranar girbi, sun ɗauka na korar tsuntsaye ne. Gwaggonsa ta dungure masa kai.

"Ɗan boko! Wane tsuntsu ne zai ji tsoron ƙyalle kamar yatsa? Je ka ce wa mai inji ya dakata."

Ranar babu wadda ta koma gida dafa abincin rana. Muka baje damman nan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tsamiya. Duk wadda ta samu mai ƙyalle sai ta ɗaga ta rangaɗa guɗa. Mai inji ya iso, ya zauna jira, da ya gaji shi ma ya naɗe hannun riga ya shiga nema. Kafin la'asar mun haɗa dami guda, ƙarami, ni na ɗaure shi da hannuna.

Da ruwan shuka ya sauka, shi muka shuka a gonar Malam. Ƙyallayen na wanke su na adana a cikin kwalla. Da gero ya cika ido na miƙa su ga babban, na ce ya shiga gona shi kaɗai, kada ya yi sauri. Na zauna a bakin gona ina jiransa. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.