Rabin Awar Banwari Mai Gyaran Lema

Banwari Lal mai gyaran lema bai taɓa makara ba a rayuwarsa, in dai shi za ka tambaya. Sauran mutanen Jaipur ne ke da gaggawa. Ni da na yi shekaru ina ɗaukarsa a kekena na fasinja, ni na san jiran da na sha a ƙofar gidansa, rana na gasa mini ƙeya, shi yana ciki yana murza gashin baki.

Agogonsa ne matsalar. Kullum sai ya biya ta Jantar Mantar, ya tsaya gaban ƙaton agogon dutsen nan da sarakunanmu suka gina, ya duba inda inuwa ta faɗi, ya saita nasa. Na dutse lokacin ranar Jaipur yake faɗa, na gwamnati kuma ya riga shi da kusan rabin awa. Banwari ya ce wannan rabin awar sace ta aka yi aka kai wa mutanen gabas, shi kuwa ba ya taɓa kayan sata. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Shi ya sa bai taɓa ganin farkon fim ba, har yana cewa masu fim ba su iya fara labari ba, sai dai ka tarar ana dambe ba dalili. Da damina abin ya fi ban haushi. Hadari na rufe rana, inuwa ta ɓace, ka ce, "Banwari-ji, ƙarfe nawa?" sai ya ce, "Yau babu ƙarfe, ɗana." Mutane na tsaye cikin ruwa da karyayyun lemomi, shi kuma ya ƙi buɗe shago, wai lokacin buɗewa bai yi ba. Matarsa Kesar ta yi faɗa har ta gaji.

Yana da wa guda ɗaya, Girdhari, wanda ya tafi Kolkata aikin jirgin ƙasa tun suna samari. Da ubansu ya rasu, Girdhari ya zo gida, ya ɗauki agogon marigayin ya murza shi zuwa lokacin gwamnati, ya ce, "Baba ya makara iya makara, a bar agogon ya huta." Tun daga ranar ko gaisuwa ba su ƙara yi ba, har dukansu suka yi furfura. Mu a unguwa muna dariyar abin, amma na sha ganin Banwari ya kau da kai in an ambaci Kolkata.

Wata damina aka bugo wa Kesar waya. Zuciyar Girdhari ta raunana, likitoci sun yi iyakarsu, ɗansa zai kai shi ziyarar ibada garin Pushkar tun da sauran numfashi. Jirgin ƙasan da za su hau zai ɗan tsaya a Jaipur, ya tashi ƙarfe huɗu. Kowa ya san in ba a gana ranar ba, shi ke nan.

"Huɗun wa?" in ji Banwari.

"Baban Munni, kada ka ƙure ni," in ji Kesar, wadda da sunan 'yarsu take kiransa. "Huɗun jirgi! Jirgi ya san kakanka ne?"

Ina tsakar gidan ina shan shayi. Banwari ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya runtse ido ya murza shi gaba, kamar ana cire masa haƙori. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "In ka faɗa wa kowa, na daina hawa kekenka." Na ce to, kuma kafin yamma duk unguwa ta ji.

Karon farko a tarihi muka isa tasha da wuri. Ya yi ta mita, wai ashe abin da mutane ke yi da rabin awar ke nan, tsayuwa kamar gumaka. Jirgi ya iso, wani tsoho ramamme ya sauko yana dafa ɗansa. Da ƙyar na gane Girdhari. Suka tsaya suna kallon juna.

Can Girdhari ya ce, "Kai ne a nan tun yanzu? Ko jiya ka taso?"

"Yaya, ka tsufa," in ji Banwari.

"Kai kuma yaro ne ko? Mu ga agogon."

Suka miƙa hannuwa tare. Na Banwari ya kusa huɗu. Na Girdhari kuwa yana can baya da rabin awa. Ashe tun a hanya ya mayar da shi lokacin Jaipur.

"Lokacin ɓarayi ka ɗaura?" in ji Girdhari. "A garin Baba? Ba ka da kunya."

"Wa ya fara?"

Suka fashe da dariya, Banwari na share ido da hannun riga. Ni ma sai da na juya baya, don abin ya taɓa ni.

Girdhari ya duba agogonsa ya ce wa ɗansa ya koma ya tsare kaya, akwai sauran lokaci, shi kachori yake marmari, soyayyen fanken nan mai albasa, irin na bakin tasha. Ɗan ya koma ciki. Na kama tsohon ta hagu, Banwari ta dama, muka fita da shi a hankali, yayyafi na sauka. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sallamar jirage, wai bai san lokacin tashin nasa ba! Ni dai har yau ban yarda mantuwa ce ba.

Yana gutsurar kachorin muka ji jirgi ya yi kuka. Na buɗe baki zan yi magana, Banwari ya take mini ƙafa da ƙarfi, ya ja hannun rigarsa ya rufe agogonsa.

"Ci a hankali, Yaya," ya ce. "Kesar ta riga ta share maka ɗakin Baba."