Fansar Gonar Bakin Rafi

A shekarar da ƙafar maigidana ta kumbura har muka yi wata biyu a asibiti, ya jinginar da gonarmu ta bakin rafi ga ƙaninsa, ɗan baffansa, a kan jaka biyu, wato fam ɗari biyu. Ba a tambaye ni ba. Ina can ina jinya aka tara dattawa uku aka miƙa kuɗi. Da muka dawo gida, shi yana dogara sanda ni ina ɗauke da tabarma da kwanuka a kafaɗa, na tarar da dawar wani tsaye a inda na saba shuka tawa.

Jingina a ƙauyenmu, can kan hanyar Karshi, tana da ƙa'idarta. Ba a ɗora wa kuɗin ruwa. Wanda ya ba da su yana noma gonar yana ci har ranar da aka mayar masa da abinsa. Amma ba a biya kaɗan-kaɗan. Cif ake kawowa, da rana ido na ganin ido, a gaban waɗanda suka shaida. Kuma akwai lokacin yi: daga an gama girbi zuwa ranar da ya sa wa sharar gona wuta. Hayaƙi na tashi, shekarar ta zama tasa, ko kuɗin na cikin hannunka sai ka jira wata kaka.

Sau uku hayaƙin nan ya tashi ina tsaye a bayan gida ina kallo. A shekara ta huɗu ba a maganar komai sai ta gwamnati za ta taso daga Legas ta zauna a nan. Tifofi suka cika hanya, masu awo suka fara kafa turaku a dazuzzuka. Wata 'yar ƙauyenmu da ke aure wajen Paikon Kore ta zo ganin gida, ta ce a can masu awon ba sa tambayar kakan wa ya sare daji. Wanda suka tarar da shukarsa a gona, sunansa suke rubutawa. Ni ban san rubutu ba, amma na san abin da ya hau takarda ba ya sauka da bakin mace irina. Idan suka zo suka tarar da dawar ƙanin mijina, gonar ta tafi, da ita da ɗorawa bakwai da ke cikinta.

Na faɗa wa maigida. Ya ce Allah zai kawo mafita. Na ce haka ne, amma zan fita in tare ta a hanya.

Ina da manyan tukwanen ƙarfe biyu da na gada wajen uwata. Da su na fara dafa doya ina kai wa leburori a wani wurin gini kusa da Nyanya. Nakan taka zuwa bakin titi in jira tifar yashi, direban ya ɗauke ni a kan kwano ɗaya na doya da manja. Ranar da bai zo ba in ci gaba da tafiya a ƙasa, don kuɗin mota ba ya cikin lissafina. Ban taɓa sayen itace ba. Guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa nake kwasa, ogan wurin ya ce in kwashe ma ya huta. Takardar buhun siminti nakan kakkaɓe in sayar wa masu ƙosai. Abin da ya kama a gindin tukunya shi ne abincin ranata.

Ba na ba da bashi, kuma wannan ya jawo mini baƙin jini. Leburori sun saba ci sai ƙarshen wata su biya, ni kuwa na ga yadda ake kwashe su a mota a kai su wani aikin ba sallama. Wani dogo daga wajen Filato kullum sai ya miƙo kwano ya ce, “Mama, sa mini, gobe ne albashi.” Kullum sai in ce masa goben ma ina nan. Suka sa mini suna Mama Ba-Bashi. Wasu suka koma wajen masu shinkafa, ban bi su ba. Wanda ya tsaya, kuɗinsa na fara gani kafin in buɗe murfi.

A gida ma haka. Na daina sayen sabulu, na koma yin na toka. Gishiri da ɗan yatsa nake auna shi. Kirsimeti ya zo, matan cocinmu suka fitar da anko, na wanke tsohon zanena na tafi da shi, na zauna a layin gaba don kada wata ta sha wahalar juyowa. Da gwaggon maigida ta rasu, ana jiran kowace matar gida ta kawo tulun burkutu da turmin zane, na kai itace da ƙarfina, na yi kwana uku a bakin murhu. An yi da ni sosai. Har yau akwai waɗanda ba su manta ba, ni ma ban ce su manta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da 'yata ta haihu a Masaka na je barka da ƙwaryar gari kawai. Ta karɓa da hannu biyu. Na dawo ina jin nauyin abin har gida, amma ban taɓa kuɗin ba.

Maigida, tun da ƙafa ta hana shi noma, tabarmi yake saƙawa, duk ranar kasuwa ya miƙo mini abin da ya samu. Kuɗin a cikin gora nake zubawa in tura can cikin rumbu, inda mai ciwon ƙafa ba zai iya hawa ba. Ya san dalili, yakan ce na mai da shi ɓera. Duk fam goma da ya cika sai in ajiye ƙwayar ɗorawa ɗaya a bakin taga. Ashirin nake nema. Aka gama girbi ina da goma sha huɗu. Rani ya yi nisa ina da goma sha bakwai, kuma a lissafina sauran wata guda da rabi kafin mutane su fara ƙona shara. Zai ishe ni, in ban yi ciwo ba.

Hanyata ta zuwa titi ba ta bi ta gonar ba, amma kullum sai na ratsa ta can. Wata safiya, da tukwane cike a kafaɗata, na hango tsibin kara da ƙaya a kusurwar gabas. Ba gonar duka aka share ba. Kusurwa ɗaya ce, tsibi ɗaya, aikin wanda hayaƙi kawai yake nema. Ashe shi ma labarin masu awo ya kai masa. Na taɓa karan na ji raɓa. Sai rana ta ɗaga zai kama wuta.

Na koma gida da sauri. Na juye doyar a babban kwano, na hau rumbu na sauko da gora. Na ce wa maigida ya kai tukwanen wajen mai dafa burkutu ta unguwarmu, wadda ta daɗe tana zolayata in sayar mata, ya ja akuyarmu zuwa kasuwar Karshi, sannan ya biyo da dattawan nan uku. Fam talatin nake so, kada ya dawo da ƙasa da haka. Ya dubi tukwanen ya tambaye ni da me zan dafa gobe. Na ce goben ba ta zo ba tukuna. Na ja masa kunne sosai, don mutum ne da ake taya masa abu ya ce Allah ya sa albarka tun mai saye bai rufe baki ba.

Na ɗauki gora da kwanon doya na koma gona, na hau kan tsibin nan na zauna. Ƙaya ta huda zanena ta ko'ina.

Da hantsi sai ga ƙanin mijin nawa da ashana a hannu. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar kowace mace da ƙanin mijinta, don haka da dariya ya fara.

“Matar yaya, lafiya? Ko yaya ya kore ki ne kika zo ki yi sheƙa?”

“Hutawa nake.”

“To sauko ki huta a inuwa, aiki zan yi.”

“Ashana na hannunka. Kunna.”

Ya daina dariya. Ya ce shi bai karya ƙa'ida ba, ba wanda ya yanka watan da za a ƙona shara. Ya ce lokacin da yayansa ke kwance duk dangi sun noƙe, shi kaɗai ya kwance bakin aljihu, kuma bakuna tara ne a gidansa. Duk gaskiya ne, na kuwa ce masa gaskiya ne. Na ce ni ma ban karya ƙa'ida ba, ba wanda ya hana mace zama a kan kara.

Ya tattaro 'yar ciyawa a gefe ya durƙusa zai ƙyasta. Na ce ya kunna, in dattawa sun zo zan gaya musu na same shi yana gasa gyare. Ya tsaya, ya dubi 'yar ciyawar, ya watsar da ita da ƙafa. Ya san da wannan za a riƙa tsokanarsa har jikokinsa.

Ya koma gindin ɗorawa ya zauna, yana jiran rana ko fitsari su sauko da ni. Ban sha ruwa ba tun safe saboda haka. Rana ta take, kaina ya fara sarawa, tururuwa suka same ni. Da azahar ta yi ya tafi rafi ya yi alwala ya yi sallarsa, ya dawo yana satar kallon kwanon doya. Can ya ce in sam masa. Na ce sule biyu. Ya ce ashe abin da leburori ke faɗa a kaina gaskiya ne. Ya biya, na jefa a gora yana gani.

Sai bayan la'asar na hango su: dattawa uku a gaba, maigida can baya yana jan ƙafa. Ban sauko ba sai da aka shimfiɗa buhu, babban cikinsu ya ce a kawo kuɗi. Ƙafafuna sun sage, da rarrafe na isa. Aka zazzage gora. Yawanci sulalla ne da tsofaffin takardu masu warin manja, ƙirgar ta ɗauki lokaci, sau biyu ana sakewa. Maigida ya ajiye na tukwane da na akuya. Fam ashirin da shida ya samo.

Da sule biyun doya da 'yan canjin da ke bakin zanena, saura fam uku da wani abu. Ƙanin miji ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce ƙa'ida dai cif ce. Dattawa suka ce haka take. Ba ni da sauran abin sayarwa sai zanen jikina.

Sai maigida ya cire hularsa, ya farke lafin ciki da haƙori, ya fara zaro takardu a nannaɗe kamar taba. Fam huɗu. Bai dube ni ba. Ni da nake cika baki cewa ko allura ba ta kwana a gidana ban sani ba, ashe duk tabarma uku yana rage kuɗin ɗaya.

Babban dattijon ya ƙirga ya miƙa wa mai su, ya ce gona ta koma hannun masu ita, kowa ya shaida. Aka ci sauran doyar a madadin abin shan shaidu. Ƙanin miji ya ce to a biya shi ladan tara shara. Na ce ban sa shi ba, amma tun da ya tara, ya ara mini ashana. Ya jefo mini kwalin, ya ce in ƙirga tsinken da na ɗauka, ya san halina. Ɗaya na ɗauka. Karan ya bushe sarai, nan take ya kama, muka ja da baya muna kallo har ya cinye.

A hanyar gida na tambayi maigida tun yaushe yake ɓoye mini kuɗi, kuma me ya yi niyyar yi da su. Ya ce ƙafarsa na masa zogi, in bar maganar sai ya huta. Na karɓi canjin da ya rage a hannunsa, na rage sauri don ya iya bina.