Asabe da Rigar Ma'aikatan Jinya

"Tsaya da kyau mana, kafaɗa nake aunawa," in ji Asabe, tef a hannu, fensir a bayan kunne. Nusaiba ta miƙe. Asabe ta auna, ta rubuta, sannan ta yi tambayarta ta kullum.

"To 'yar nan, ga ta yau. Idan babba ya tare miki hanya, yaya ake cewa ya matsa da Turanci, ba tare da an ce ba ki da tarbiyya ba?"

Nusaiba ta yi dariya. "Inna, ke dai ba a shiga shagonki a fita da ilimi cikakke. Sai kin gutsura."

Shekara talatin da ɗaya ke nan Asabe tana ɗinka fararen kayan ma'aikatan jinya a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi. A aji huɗu na firamare ta tsaya, shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifinta, ta koma Daurawa ta koyi keken ɗinki a ɗakin goggonta. Turancin da ya wuce ta a makaranta, sai ta riƙa tsintarsa a bakin masu kawo ɗinki, ƙwaya ɗaya ɗaya, kamar mai tsince shinkafa. Kowa tambaya ɗaya. A haka ta san yadda ake neman afuwa da yadda ake ƙin abu cikin ladabi. A haka ta san ba a ce wa mai Turanci ina gajiya, don sai ya zaci ramewa ya yi.

Yawancin aikinta daga wata makarantar koyon jinya yake zuwa, a Tarauni, inda Nusaiba ke koyarwa. Bana aka kawo sabuwar shugaba, Madam Ifeoluwa, wadda ba ta jin Hausa, ta kuma zo da samfurin rigar kanti daga wani kamfani. Ta kira Asabe ofis ta tambaye ta, kai tsaye, ko ɗinkinta ya fi wannan.

Asabe ta sunkuyar da kai. Ta amsa da Turancinta mai tsabta, kalma bayan kalma: "Muna dai ɗan taɓawa, Madam. Akwai waɗanda suka fi mu."

Madam ta gode mata, ta ce za a neme ta. Ba a neme ta ba. In makarantar nan ta kuɓuce, abin da zai rage a shagon sai facin wando da sa maɓalli.

"Inna, me kika yi haka?" in ji Nusaiba da ta ji labari. "Matar nan ta ɗauka gaskiyar ke nan kika gaya mata!"

"To in ce na fi kowa? Ni, da bakina, da furfurata?"

"Su a wurinsu ba laifi ba ne."

"Su ke nan. Ni in na faɗa, sai harshena ya yi nauyi har in mutu."

Da kyar Nusaiba ta samo mata minti biyar a wurin Madam ranar Alhamis. Kwana uku Asabe tana taka keke tana maimaita jimla ɗaya, har maƙwabcinta mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko wuridi ta sake.

Ranar Alhamis Asabe ta shiga ofishin, Nusaiba na biye da ita, da riga ɗaya a naɗe cikin leda. Ta yi gaisuwa guda, gajera, sauran gaisuwar ta haɗiye ta kamar magani. Ta ɗaga ido ta dubi Madam a fuska, abin da ba ta taɓa yi wa mai muƙami ba.

"May I show you something, Madam?"

Madam ta dubi agogo, ta gyaɗa kai.

Asabe ta roƙi Nusaiba ta shiga ɗakin gefe ta sa rigar kamfanin. Da ta fito, rigar ta yi kyau, ba ƙarya. Asabe ta nuna ƙusar da aka rataye kalanda a bango, ta ce da Turanci, "Ga mara lafiya a kwance. Rataya masa ledar ƙarin ruwa a can."

Nusaiba ta miƙa hannu. Rigar ta shaƙe ta a hammata, gindinta ya yi sama, zaren ya yi ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

"Yanzu sunkuya ki ɗago shi."

Bayan rigar ya ɗame, Nusaiba ta tsaya a rabin hanya tana dariya. "Inna, in na ƙarasa, wallahi sai an rufa mini asiri da labule."

Sai ta sa rigar da Asabe ta kawo. Ta miƙa hannu har ta taɓa ƙusar, rigar ba ta motsa ba. Ta sunkuya har ƙasa, ta tashi. Asabe ta juya hannun rigar ta nuna wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ta saka a ƙarƙashin hammata. Shekaru da yawa da suka wuce wata nas ta kawo mata riga a yage daidai wurin, tun daga ranar take sa shi.

Madam ta taso daga kujera, ta shafa ƙyallen da yatsa. Ita ma ta yi shekara ashirin a ɗakin marasa lafiya kafin ta zauna ofis, ta san wannan yagewar.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba tun ran nan?"

Asabe ta nemo kalmomin a hankali. "A gidanmu an hana mu yabon kanmu, Madam. Amma ba wanda ya hana ni nunawa."

Madam ta tuntsure da dariya har ta dafa tebur. "Ranar Litinin sababbin ɗalibai za su zo. Ki zo da sassafe ki auna su. Wannan rigar kuma ki bar mini ita, zan nuna wa kwamiti."

Asabe ta yi godiya sau ɗaya da Turanci. Sauran ta yi wa Allah da Hausa, ƙasa-ƙasa. Ta gyara mayafinta, ta buɗe ƙofa, ta fita.